Majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna, 1979 zuwa 1981: lissafin kujera 99 da tsige Balarabe Musa

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina da tambaya kan majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta jamhuriya ta biyu. Kowa ya san ita ce ta tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ranar 23 ga Yuni 1981, kuma shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Abin da ban gane ba shi ne yadda aka yi gwamna ya shafe kusan wata 21 yana mulki ba shi da kwamishina ko ɗaya. Tsarin mulkin 1979 ya yarda da haka? Kuma yaya aka yi jam'iyyar da ta cinye majalisa ta rasa kujerar gwamna a jiha ɗaya, a shekara ɗaya?

Baba Akawu:
Wa alaikumus salam 'yata. Fara da kalandar zaɓen, don a nan aka ƙulla komai. A 1979 hukumar zaɓe ta FEDECO ba ta haɗa zaɓuɓɓuka rana ɗaya ba. An yi na majalisar dattawa 7 ga Yuli, na wakilai 14 ga Yuli, na majalisun jihohi 21 ga Yuli, na gwamnoni 28 ga Yuli, sannan na shugaban ƙasa 11 ga Agusta. Kin ga ke nan ranar da mutane suka fita zaɓen gwamna, sun riga sun san wanda ya kama majalisa tun mako guda da ya wuce.

Yawan kujerun ma ba ka aka ƙaga shi ba. Tsarin mulkin ya ce majalisar jiha za ta zama ninki uku na kujerun da jihar ke da su a majalisar wakilai ta tarayya. Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina gaba ɗaya, tana da 33, sai ya ba da 99. Kano tana da 46, ta samu 138. A cikin 99 ɗin nan NPN ta ci 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3.

To yanzu ɗauki alƙalami. Kashi ɗaya cikin uku na 99 shi ne 33, kashi biyu cikin uku kuwa 66. NPN tana da 64, saura mutum 2 ta cika adadin da ake tsige gwamna da shi. Shi kuma gwamna, in yana son ya kwana da ido biyu rufe, sai ya riƙe mutum 34 da ba za su taɓa ɗaga hannu a kansa ba. Nasa na jam'iyyarsa ta PRP 16 ne kacal. Dole ya samu 18 daga cikin 19 na sauran jam'iyyu uku, kuma ya riƙe su kullum har shekara 4. Mutum ɗaya kawai yake da damar ya rasa. Tun daga ranar rantsuwa, 1 ga Oktoba 1979, a kan wannan siririn zare gwamnatin take rataye.

Ɗan Funtuwa:
Baba ya kawo lissafi, bari in ƙara da siyasar da ke ƙarƙashinsa. Zaɓen ɗan majalisa na unguwa ne. A mazaɓa ana duba ɗan wane ne, wa ya tsaya masa, hakimi da dagaci da attajirin gari suna bayan wa. A wannan fagen NPN ba ta da na biyu, don ita ta gaji yawancin jijiyoyin tsohuwar NPC, jam'iyyar Sardauna da ta mulki Arewa a jamhuriya ta farko. Kuma tunda jam'iyyu biyar ne, adawa ta raba ƙuri'arta gida huɗu, ɗan NPN sai ya wuce ko da bai samu rabin ƙuri'un mazaɓar ba.

Zaɓen gwamna kuwa jiha duka mazaɓa ɗaya ce. Da sakamakon 21 ga Yuli ya fito, magoya bayan ƙananan jam'iyyu suka ga ba mai iya kayar da ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, sai an taru a kan mutum guda, ƙuri'unsu da yawa suka koma wa Balarabe. Ga kuma tsohon zaman doya da manja tsakanin ɓangaren Katsina da ɓangaren Zariya, ga mutanen kudancin Zariya da ke da nasu ƙorafin a kan tsarin sarauta. Kaita ɗan gidan sarautar Katsina ne, Balarabe akanta ne ɗan Kaya ta ƙasar Zazzau, tsohon ɗan NEPU, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano a jamhuriya ta farko. Da tazara 'yar kaɗan ya ci. Sharaɗin doka shi ne ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, waɗanda a lokacin 14 ne, 7 a lardin Katsina, 7 a lardin Zariya.

Saboda haka ƙuri'ar da ta ɗora shi ta haɗin gambiza ce, wadda ta taru don a hana NPN, amma ba ta da wakilci iri ɗaya a cikin zauren Lugard Hall, inda majalisar jihar ke zama.

Barista Sabon Gari:
Kan tambayarki ta farko, ƙanwata. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1979 ya ba gwamna ikon zaɓo kwamishinoni, amma naɗin ba ya tabbata sai majalisa ta amince da sunan. Abin da sashen ya nema a wurin gwamna shi ne wanda zai kawo ya cancanci zama ɗan majalisar jiha, kuma a kula da bambancin al'ummomin jihar. Babu inda aka ce sai ya ɗauko daga jam'iyya mai rinjaye. Haka kuma babu inda aka ce majalisa sai ta faɗi dalilinta in ta ƙi, babu iyakar sau nawa za ta iya ƙi, babu abin da zai faru in an kai maƙura. Kowane ɓangare yana da ƙofar da zai iya rufewa, ba a ajiye mabuɗi na uku a hannun kowa ba.

NPN ta ce tunda ita ke da kusan kashi biyu cikin uku na wakilan jama'a, a ba ta kaso a majalisar zartarwa. Balarabe ya ce jama'a manufar PRP suka zaɓa a kujerar gwamna, ba zai ɗauko waɗanda suka yi yaƙi da manufar ya damƙa musu ma'aikatu ba. Sau 4 yana aika sunaye, sau 4 majalisa ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa tana mayar masa.

Akwai wani abu da mutane ke mantawa. Babban lauyan gwamnatin jiha, Antoni Janar, shi ma kwamishina ne, sai ya bi ta wannan ƙofar. Ke nan gwamnatin ba ta da tabbataccen babban lauya.

Malam na Tudun Wada:
Ni dai ina ganin a nan marigayin ya yi kuskure, Allah ya jiƙansa. Ba wanda ke shakkar gaskiyarsa da tsantseninsa, amma mai 16 cikin 99 ba ya cewa ko duka ko babu. Ku dubi abin da Shagari ya yi a Legas a wannan watan na Oktoba. NPN ba ta da rinjaye ita kaɗai a majalisar tarayya, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, ta ba ta ministoci, ta bar mata kujerar kakakin majalisar wakilai da Edwin Ume-Ezeoke ya hau. Da wannan aka samu ministoci suka wuce. Da Balarabe ya saki ma'aikatu uku ko huɗu, ya riƙe kuɗi da ƙananan hukumomi da filaye da noma, da ya samu shekara 4 yana aikin da ya zo yi. In ka ƙi sakin akuya, wata rana da garken za a tafi.

Hajiya Malama:
Malam, ban yarda ba. Shagari da NPP ba su da saɓanin aƙida, rabon kujeru ne kawai ya haɗa su, kuma ko ita yarjejeniyar ba ta wuce Yulin 1981 ba. Abin da ke tsakanin PRP da NPN a Kaduna daɗaɗɗen faɗa ne tun zamanin NEPU da NPC, faɗan talaka da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Abu na farko da Balarabe ya yi, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, shi ne soke haraji da jangali. Wanda bai san yadda ake karɓar harajin nan ba ba zai gane girman abin ba. Mai unguwa ke rubuta sunayen magidanta, dagaci ya tara, hakimi ya kai. Wanda ya kasa biya a kan shanya shi a rana ko a tsare shi, wani ya sayar da hatsin da zai ci da damina, wani ya tsere ci-rani kafin masu karɓa su iso. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a yanka masa jangali, in ya yi gardama a ƙara masa ƙirgen. Wannan kuɗin shiga ne, amma kuma shi ne igiyar da masu sarauta ke riƙe da talaka, har ranar zaɓe.

Bayan haka ya kafa hukumar binciken filaye, wadda ta zagaya tana sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki. To Malam, wane ɗan NPN ne za a ba ma'aikata ya zauna a majalisar zartarwa yana sa hannu a kan wannan? Da ya karɓe su, da rigimar da ake yi a Lugard Hall ta dawo cikin ɗakin taronsa, a rufe, inda jama'a ba sa gani.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya, na ji, kuma ban musa zaluncin haraji ba. Amma haraji doka ce ta kafa shi, doka kuwa majalisa ce ke yin ta, ita ke soke ta. Gwamna zai iya hana ma'aikatansa karɓa, sai dai in yana so abin ya ɗore bayansa, dole ya koma wurin mutanen nan 99. Kuma ƙananan hukumomi da harajin suke biyan albashi, in an cire sai an cike gurbin daga kasafin jiha, kasafin kuma wa ke amincewa da shi? Duk hanyar da ya bi, a ƙofar majalisa take ɓullewa.

Baba Akawu:
Maganar Malam ta kasafi ita ce ta kawo mu ga yadda aka tafiyar da gwamnati a aikace. Ma'aikata ba ta tsayawa don babu kwamishina. Babban sakatare na nan, shi ne mai sa hannu a kan kuɗin ma'aikatar, fayil na tashi daga teburinsa. Bambancin shi ne fayil ɗin da ya kamata kwamishina ya yanke hukunci a kai sai ya wuce kai tsaye ofishin sakataren gwamnati, daga nan teburin gwamna. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙe wannan kujera ta sakataren gwamnati, don haka nauyi mai yawa ya bi ta hannunsa. Illar ita ce komai ya taru a wuri ɗaya: kwangilar rijiya a Mani, ƙarin girman malamai a Kachiya, sayen taki, duk suna layi a tebur guda.

Illa ta biyu ta doka ce. Tsarin mulki ya ce gwamna ya riƙa zama a kai a kai da mataimakinsa da kwamishinoninsa don tsara manufa. Akwai kuma tsofaffin dokoki da yawa da suka ce kwamishina ne zai sa hannu a kan kaza. In babu shi, duk abin da gwamna ya yi da kansa ana iya cewa ya tsallake ƙa'ida. Masu ba da shawara na musamman ma ba mafita ba ce, don majalisa ce ke ƙayyade yawansu da albashinsu.

Kasafi kuwa, gwamna ke kawowa, amma ba a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar kasafi. In majalisa ta ja ƙafa, an ba gwamna damar ya ci gaba da kashewa har wata 6, gwargwadon abin da aka kashe a irin wannan lokacin bara. Wannan na biyan albashi da man mota, ba ya gina sabon abu. Gwamnan da ya zo da shirin kafa masana'antu a ƙananan hukumomi, irin ta sarrafa tumatir a Ikara da ta citta a Kachiya, sabon kuɗi yake buƙata, sabon kuɗi kuma sai da sa hannun waɗanda ke neman kansa. In ya matsa kuɗi daga wannan aljihu zuwa wancan don aiki ya tafi, ya ba su abin rubutawa a takardar tuhuma.

Ta ɗaya ɓangaren, in majalisa ta yi doka, gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, suka sake zartar da ita da kashi biyu cikin uku, ta zama doka ba da shi ba.

Ɗan Funtuwa:
Kada a manta da abin da ya faru a cikin gidan PRP, don shi ya kwance wa gwamnan zani a kasuwa. Balarabe da Rimi sun shiga taron gwamnoni 9 masu ra'ayin ci gaba, tare da 5 na UPN, wato Jakande, Onabanjo, Bola Ige, Ajasin da Ambrose Alli, da 2 na GNPP, Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola. Uwar jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano ta ce su daina zuwa, suka ƙi. A 1980 jam'iyya ta dare biyu: 'yan taɓo na Malam, da 'yan santsi na gwamnonin biyu, waɗanda suka ɗora Michael Imoudu a shugabanci. FEDECO ɓangaren Malam ta sani.

Ku haɗa wannan da lissafin Baba. Katangar mutum 35 ce, ana buƙatar 34. NPP mai 6 tana cikin yarjejeniya da NPN a tarayya. GNPP mai 10 ita ma tana fama da nata rikicin cikin gida. PRP mai 16 ta rabu. Ba sai an yi wani babban abu ba kafin bulo biyu su zame.

Barista Sabon Gari:
Kuma doka ta sauƙaƙa zamewar. Ƙa'idar ita ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya koma wata ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar tasa ta rabu ko ta haɗe da wata. Da zarar an ce akwai ɓaraka, ƙofar sauya sheƙa ta buɗe. Ban da haka ma, ba sai mutum ya sauya sheƙa ba kafin ya ɗaga hannu tare da NPN. Babu dokar da ta hana.

Ga matakan tsigewar kamar yadda sashe na 170 ya jera su, don a nan ne ake yawan ruɗewa.

Da farko takardar zargi a rubuce, da bayanin laifuffuka dalla-dalla, ɗauke da sa hannun aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, wato 33 a Kaduna. A miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki ya kai wa gwamna kwafi, ya raba wa kowane ɗan majalisa, in gwamna ya ba da amsa ita ma a raba. Cikin kwana 14 da miƙa takardar, ko ya amsa ko bai amsa ba, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba tare da muhawara ba kan a bincika ko kada a bincika. Wannan ƙuri'ar sai ta samu kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, ba na waɗanda suka halarta kawai ba. A nan 66 ta fara aiki.

In ta wuce, cikin kwana 7 a kafa kwamitin mutum 7 masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan wata jam'iyya ba. Gwamna na da damar kare kansa, da bakinsa ko ta lauya. Kwamiti na da wata 3 ya kawo rahoto. In ya ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu a nan, majalisa ba ta da ikon ci gaba. In ya ce ya tabbata, cikin kwana 14 majalisa ta zauna, in 66 suka amince da rahoton, daga wannan lokacin gwamna ya sauka. In aka ja kowane mataki har ƙarshensa, abin bai fi wata 4 da 'yan kwanaki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke zaɓen mutum 7 ɗin. A tsarin 1979 kakakin majalisa ne ke zaɓo su, majalisa ta amince. Su ne masu ƙara, su ne masu naɗa alƙalai, su ne masu zartar da hukunci. Sannan ma'anar babban laifi da sashen ya bayar ta ƙare da cewa duk abin da majalisa ta ga ya kai babban laifi a ra'ayinta, to ya kai.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode Barista. To ai nan ne nake tsammanin kotu za ta shigo. Bai kai ƙara ba ne?

Barista Sabon Gari:
Ya kai. Ya nemi kotu ta dakatar da kwamitin, maganar ta je har kotun ɗaukaka ƙara, ita ce shari'ar da ɗalibai ke karantawa da sunan Balarabe Musa da Auta Hamza. Abin da ya tare shi ƙaramin sashe na 10 ne na wannan sashe na 170, wanda ya ce babu kotun da za ta saurari ko ta tuhumi abin da kwamitin ko majalisa suka yi a wannan babi. Alƙalai suka ce an cire musu hurumi, lamarin na siyasa ne, suka tsame hannunsu.

Wannan fahimtar ta daɗe tana aiki. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 188, ya gyara abu ɗaya babba: yanzu babban jojin jiha ne ke naɗa mutum 7 ɗin bisa buƙatar kakaki. Amma ya bar maganar cire hurumin kotu. Sai a rikicin Rashidi Ladoja na Oyo, wanda aka tsige a Janairun 2006 bayan wasu 'yan majalisa sun fara shirin tsigewar a wani zama da suka yi a otal a Ibadan, kotun ƙoli ta ce cire hurumin yana aiki ne kawai in an bi matakan farko ɗaya bayan ɗaya. In an tsallake ko ɗaya, kotu na da ikon dubawa. Da haka Ladoja ya koma kujerarsa a Disambar wannan shekarar. Peter Obi a Anambra da Joshua Dariye a Filato su ma kotu ta mayar da su.

Sai dai ki lura, ko da wannan hukuncin ya riga 1981, ba lallai ya ceci Balarabe ba. Su Ladoja sun tsira ne saboda masu tsige su ba su cika adadi ba ko sun karya ƙa'idar zama. A Kaduna adadin ya samu. Tsarin 1999 ya kuma ce in majalisa ta yi shiru kwana 21 na aiki ba ta ba da amsa kan sunan kwamishina ba, a ɗauka an naɗa shi. Wannan ma maganin jan ƙafa ne, ba ya maganin majalisar da ta zauna ta ce a'a ƙarara.

Hajiya Malama:
Shi ya sa nake cewa a daina ɗora wa mutum ɗaya laifin ramin da masu rubuta tsarin mulki suka bari. Kwamitin Rotimi Williams da majalisar Udo Udoma sun ɗauko tsarin Amurka, inda aka saba ganin gwamna daga jam'iyya ɗaya majalisa daga wata, aka kawo shi ƙasar da ta shekara 13 ba ta ga zaman majalisa ba, daga Janairun 1966 zuwa Oktoban 1979. Manyan 'yan siyasar lokacin a tsarin firimiya suka taso. A wannan zauren na Lugard Hall Sardauna ya zauna, shi da ministocinsa duk 'yan majalisa ne, wanda ke da rinjaye shi ke kafa gwamnati. A idon ɗan NPN mai kujera 64, gwamnati tasa ce aka ba wani. A idon Balarabe, jama'ar jiha duka ne suka zaɓe shi kai tsaye, ba majalisa ba. Kowa da littafin da yake karantawa a kansa.

A tsohon tsari rikici irin wannan ba ya kai wata 21. Ko a kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa gwamnati ta faɗi, ko a rushe majalisa a koma wa jama'a su raba gardama. A sabon tsari gwamna ba ya iya rushe majalisa, wa'adinta shekara 4 ne daga zaman farko. Majalisa kuma ba ta da hanyar kawar da shi don saɓanin siyasa kawai, sai ta kira abin babban laifi. Makamin da aka tanada don ɓarawo ko maci amana shi aka ɗauka aka warware rikicin rabon mulki da shi.

Ɗan Funtuwa:
Hajiya ta yi gaskiya, amma don adalci a faɗi cewa ba NPN kaɗai ta yi wasa da wannan wuƙar ba. A Kano PRP ke da 123 cikin 138, kuma da jam'iyya ta rabu yawancinsu suka bi Rimi. Mataimakinsa Alhaji Ibrahim Bibi Faruk ya tsaya tare da Malam Aminu, a Nuwamban 1981 majalisar Kano ta tsige shi da wannan sashe na 170 ɗin. Wata 5 kacal bayan na Kaduna, kuma 'yan santsi ne suka yi. Shekarar ta yi zafi ƙwarai: tsakanin tsigewar biyu ne aka yi tarzomar Kano ta 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, inda aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa.

Malam na Tudun Wada:
To ku dubi abin da ya biyo baya a Kadunan, don shi ne hujjata. Tsigewa ba ta ba NPN kujerar ba. Doka ta ce mataimaki ne ke hawa, sai Alhaji Abba Musa Rimi ya hau, ɗan PRP, mutumin ɓangaren Katsina. Masu karatu kada su haɗa shi da Abubakar Rimi na Kano, sunan gari ne ya zo ɗaya. Da wannan majalisar, da wannan kakakin, ya samu kwamishinoni, ya kai ƙarshen wa'adi a 1983. Ashe ana iya zama da su.

Hajiya Malama:
Ana iya zama da su bayan sun nuna abin da za su iya yi wa wanda ya ƙi. Wanda ya hau kujera yana kallon yadda aka sauke na gabansa ba irin cinikin farko zai yi ba, Malam. Su ma kuma sun riga sun sami abin da suke so, ba su da buƙatar faɗa na biyu ana dab da zaɓe. A 1983 Lawal Kaita ya ci kujerar da ya rasa, ya yi wata 3 a kai, soja suka karɓe ranar 31 ga Disamba.

Baba Akawu:
Ku biyun ba za ku shirya a wannan ba, kuma tun 1981 ake wannan gardamar a Kaduna da Zariya da Katsina. 'Yata, in rubutu za ki yi, ga abin da zan ba ki shawara. Kada ki tsaya a kan abin da 'yan siyasa suka faɗa daga baya. Nemi rubutaccen bayanin zaman majalisa na kullum da takardar jerin ayyukan rana, daga Oktoban 1979 zuwa Yunin 1981. Ki duba abu uku: ranakun da aka kawo sunayen kwamishinoni da dalilin da aka faɗa a zauren kowane karo, yadda aka yi da kasafin 1980 da na 1981 tun daga gabatarwa har sa hannu, sannan sunayen waɗanda suka sa hannu a takardar zargi, ki jera su da jam'iyyar da kowa ya ci zaɓe a cikinta ranar 21 ga Yuli 1979. Wannan jerin na ƙarshe shi zai nuna miki daga ina ƙuri'un da suka cike 66 suka fito.

Fara da ofishin akawun majalisa a Lugard Hall, sannan Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Tsofaffin kwafin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo za su taimaka miki da ranaku. Ki tuna an raba jihar a Satumban 1987, don haka mazaɓu da yawa da za ki gani a jerin yanzu suna Jihar Katsina, kada sunayensu su ruɗe ki.

Ɗalibar Shari'a:
Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara girma. Zan fara da takardar zargin. In na samu jerin sunayen zan kawo shi nan mu duba tare, musamman na GNPP 10 da NPP 6 ɗin nan.